Gawo, Takin da Ba a Saya

Ƴan'uwa manoma, kafin mu ɗauki gatari mu tafi sassabe, mu tsaya mu dubi gawo.

A ƙasar Madarunfa gonaki da yawa sun gaji. Jama'a ta ƙaru, babu filin da za a bari ya huta, takin zamani kuma sai mai kuɗi. Amma duk manomi ya sani, hatsin da ke gindin gawo ya fi na fili ƙarfi da cikar zangarniya.

Mene ne dalili?

Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa. Da damana ta faɗi sai ya zubar da ganyensa. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta sami shuka. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai, saboda haka ba ya ƙwace wa hatsi ruwa.

Bayan damana sai ya yi sabon ganye da fure. Zuma tana samun abinci a furensa. Da rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, ƴaƴansa suna nuna. Awaki da tumaki da shanu su ci, su kwanta a inuwarsa, su bar kashinsu a gonar.

Sassaben zamani

A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman jihar Maraɗi a kan raya tohon kututture maimakon sare shi. Da wannan dabara manoman Nijar suka mayar da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5, musamman a Maraɗi da Damagaram.

Ga yadda ake yi:

1. Idan ka ga tohon gawo a gonarka, kada ka sare, kada ka ƙone.
2. Zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka cire sauran.
3. Yi amfani da wuƙa mai kaifi, ka yanka daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage.
4. Kewaye shi da ƙaya saboda awaki.
5. Ɗaura masa ƙyalle, don mai neman itace ya san yana da mai shi.

Gawo yana ɗaukar shekaru kafin ya girma. Wanda ka raya bana, ƴaƴanka za su ci amfaninsa tare da kai.

Tambayoyi

1. Yaushe gawo yake zubar da ganye?
2. Gawo nawa ne a gonarka? Ƙidaya su, ka rubuta adadin, ka kawo aji.