Wane Kifi Zan Zuba a Ƙaramin Tankin Ruwan Gishiri?

Tambaya: Daga Gwarinpa a Abuja nake. Na haɗa tanki mai lita 80 da murjani. Waɗanne kifaye za su zauna lafiya tare?

Amsa: Malam, uku sun ishe ka. Sayi ƙanana biyu na kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, wanda yara ke kira Nemo. Babban zai rikiɗe ya koma mace, rigima ta ƙare. Ƙara kifin gobi ɗaya: yana can kan yashi, ba ruwansa da kowa. Damsel shuɗi yana da arha, amma mafaɗaci ne, zai hana saura sakat. Zafin Abuja na watan Maris da ɗauke wuta ma sun fi faɗan kifi ɓarna. Kada ruwan ya wuce digiri 27, kuma ka jona famfon tankin da inbata.