Wannan Alamar 🧘 Ba Hoton Mai Zikiri Ba Ce



Akwai wata 'yar alama da ta yi yawa a WhatsApp da Facebook: mutum zaune ya harɗe ƙafafu, hannuwa bisa gwiwa. Matasa kan saka ta idan suna nufin "na kwantar da hankalina" ko "ba zan tanka ba". Abin da ya sa nake magana shi ne yadda ta fara bayyana a ƙarƙashin azkar ɗin safe, da sanarwar i'itikafi, har da saƙon ta'aziyya, wai an sa hoton mai lazimi.

To, ba mai lazimi ba ne. Ƙungiyar Unicode ta Amurka, wadda ke tantance irin waɗannan alamomi, ita ta shigar da ita a 2017, kuma sunan da ta ba ta yana nufin mutum a zaman lotus, wani fure mai kama da bado. Zama ne na yoga, asalinsa Indiya, can suna ce masa padmasana: ƙafar dama bisa cinyar hagu, ta hagu bisa cinyar dama. Haka ake sassaƙa gumakan Buddha da yawa, haka mabiya Hindu da Jain ke zama wajen bautarsu. Yau mutane da dama a Turai da Amurka suna yinsa don motsa jiki da rage damuwa kawai, amma tushen daga can yake.

A nan sai mu yi adalci. Zaman harɗe shi kansa ba laifi ba ne. Abu Dawud ya ruwaito daga Jabir bin Samura cewa Annabi (SAW) yakan zauna a harɗe bayan sallar asuba har rana ta fito. Kuma wanda ya tura 🧘 yana nufin ya haɗiye fushi, babu addinin kowa a ransa, ni ban ga hujjar a jefe shi da shirka ba. Wasu kuwa har sun fara, a kan hoton da bai kai ƙwayar wake ba! Ɗan uwa, kafirta Musulmi ya fi wannan alama haɗari nesa ba kusa ba.

Inda nake taka burki shi ne wajen ibada. Idan ka liƙa ta a jikin zikiri, yaron da ke karantawa zai ɗauka abu ɗaya ne: a rufe ido, a bi numfashi, shi kenan an yi tafakkuri. Alhali tafakkurinmu yana da abin da ake tunani a kansa da Wanda ake nufi da shi. Duba ƙarshen Suratu Ali Imrana, yadda aka siffanta masu hankali da ambaton Allah a tsaye da zaune da kwance, suna tunani cikin halittar sammai da ƙasa. Ba a ɗaure shi da wani zama na musamman ba ma.

Kuma ba madadi aka rasa ba. A shekarar 2017 ɗin nan aka saka 🤲, tafuka a buɗe, wanda shi ya yi kama da addu'armu. Carbi 📿 da masallaci 🕌 suna nan tun 2015.

Idan kuwa ta'aziyya ce, malam, daure ka rubuta addu'ar da yatsunka: gafara ga mamacin, haƙuri ga iyalansa. Wanda ya binne mahaifiyarsa ɗazu ba zai tsaya fassara hoto ba.

Wallahu a'alam.