Bayan ƙarin sifirin, a daidaita ƙafafun mota

Da rani, in an cire albasa a Galmi da Tsarnawa, motoci ba su hutawa. Wasu na kai albasa Birnin Ƙonni. Wasu na ɗaukar siminti daga Malbaza. Wasu kuma na kai mutane da hatsi kasuwar Badagishiri da ta Illela. Kaya na da nauyi. Buhun siminti ɗaya kilo 50 ne, buhu 20 sun cika tan ɗaya.

Don haka masu motoci da yawa suna zuwa garaji a ƙara musu sifirin. A baya, ana ƙara falle ɗaya ko biyu. A gaba, ana sa sifirin mai tsawo, ko a ɗaure na ciki don mota ta ɗaga. Mota ta tashi sama, mai ita ya yi murna. Amma aikin bai ƙare ba. Saura daidaita ƙafafu. Wanda ya bar wannan, kuɗin albasarsa za su ƙare wajen mai sayar da taya.

Me ke faruwa in mota ta ɗaga?

Ƙafar gaba ba a kafe take ba. Tana rataye da hannuwan ƙarfe masu hawa da sauka. Waɗanda suka ƙera mota sun auna tsawon da za ta zauna. A wannan tsawon ne taya ke taka ƙasa da dukan faɗinta. In an ɗaga mota, hannuwan sun sauya zama, ƙafa kuma ta bi su. Abu biyu ke lalacewa.

Na farko shi ne tsayuwar ƙafa. In mutum ya tsaya gaban mota, zai ga ko ƙafa ta miƙe, ko ta karkata. Makanikai na ce ma wannan karosaj. A hayin iyaka, a Nijeriya, ana cewa kamba. In saman ƙafa ya karkata ciki, gefen taya na ciki ke cinyewa. In ya karkata waje, gefen waje ke cinyewa. In ƙafa ɗaya ta fi ɗaya karkata, mota na ja gefe guda. Kamar mutum ne mai taka takalmi a karkace. Gefe ɗaya ya huje, ɗaya yana nan sabo.

Na biyu shi ne inda ƙafafu suka dosa. Ya kamata ƙafafun gaba su dubi hanya ɗaya, kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya. Wannan shi ne paralelisim, ko alaimen. In bakinsu ya tsuke da yawa, ko ya buɗe, taya ba ta birgima daidai. Jan ta ake yi a kan kwalta.

Ga lissafi

A ɗauki taya mai tsawon santimita 60. A ce bakinta ya kauce da milimita 3. Ido ba ya ganin milimita 3. Amma a kowace kilomita, ana gurzar tayar nan a gefe har mita 5. A kilomita 100, mita 500 ke nan. Roba na ƙarewa, mota na ƙara shan mai.

Alamomin da direba zai lura da su

1. Gefe ɗaya na taya ya cinye, ɗayan bai cinye ba.
2. In an shafa taya da hannu, ana jin kaifi kamar haƙoran zarto.
3. Mota na ja dama ko hagu a hanya miƙaƙƙiya.
4. Sitiyari ya karkace alhali mota na tafiya sak.
5. Wanda ke biye yana ganin bayan mota ya goce gefe guda.

Alama ta biyar daga baya take. Sifirin na baya na da ƙusa a tsakiya. Kan ƙusar na shiga wani rami a ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya. In wajen ƙarin falle ƙusar ba ta zauna raminta ba, ƙarfen ya karkace. Sai a kwance a sake zaunar da shi.

Awo biyu da za a iya yi a gida

Da farko a tsayar da mota a wuri mai daɗe, daidai, ba gangare. A sauke kaya. A hura tayoyi, iskar dama ta zama daidai da ta hagu. A miƙe sitiyari.

Awon tsayuwa: a ɗaura dutse a bakin zare, kamar yadda magini ke duba bango. A rataye zaren kusa da ƙafa. A auna daga zare zuwa bakin ƙarfen taya na sama. A sake aunawa zuwa na ƙasa. A ƙarfe mai santimita 40, bambancin milimita 7 digiri ɗaya ne. Yawancin motoci ba su son karkata da ta wuce wannan. Kuma dama da hagu su yi kusan ɗaya.

Awon dosa: a sa alli a tsakiyar kowace tayar gaba, ta gaba, daidai tsawon cibiyar ƙafa. A auna tsakanin alamun biyu da mita. A rubuta. A tura mota gaba har alamun su koma baya. A sake aunawa. A rubuta. Bambancin bai kamata ya wuce ƴan milimita ba.

Nan amfanin karatu yake. Direban da ya iya karanta mita, ya iya rubuta lamba, ba a yi masa aikin ka.

Aikin makaniki

Awon gida na nuna akwai ciwo. Gyara kuwa na makaniki ne, kuma kowace mota da nata ma'auni. Na Hiace daban, na Hilux daban, na Peugeot 504 daban. Gwanin makaniki na bin aikin daki-daki.

Yana fara girgiza ƙafa, ya duba robobi da mahaɗan sitiyari. In sun saki, sai an sauya su. Daidaita ƙafa a kan mahaɗin da ya cinye, zuba ruwa ne a rariya.

Sa'annan ya gyara tsayuwa. A wasu motoci ana juya wani noti na musamman. A wasu ana ƙara ƙananan fallayen ƙarfe ko a rage. Wasu motoci ba su da wurin gyaran tsayuwa. In tasu ta karkata, a nemi ƙarfen da ya lanƙwashe, ko a mayar da mota tsawonta na asali.

Paralelisim shi ne na ƙarshe, don taɓa tsayuwa na sauya shi. Ana juya sandunan sitiyari, dama da hagu daidai wa daida.

Notin robobi kuma, sai an sauke mota daga jak ake ɗaure su tamau. In an ɗaure su mota na sama, roba na murɗewa ta yage da wuri.

Sabon sifirin na kwantawa kaɗan bayan ya ɗauki kaya. Don haka bayan ƴan kwanaki a koma garaji. A ƙara ɗaure notin sifirin, a sake awo.

Gargaɗi

Ƙarin sifirin ba ya ƙara ma birki ƙarfi. Ba ya ƙara ma taya ƙarfi. Nauyin da mota ke iya ɗauka yana rubuce a takardarta, kuma bai sauya ba. Tayar da gefenta ya cinye har waya ta fito na iya fashewa, tun ba da zafin bazara ba. A kan babbar hanya ta 1, tsakanin Ƙonni da Galmi, akwai manyan motoci da amalanke da dabbobi. A cikin mota kuma akwai ƴaƴan mutane.

Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Ranar da aka ƙara sifirin, ranar ake daidaita ƙafafu.

Tambayoyi don ajin yaƙi da jahilci

1. In gefen taya na ciki ya cinye, ina saman ƙafa ya karkata?
2. In ana gurzar taya mita 5 a kilomita ɗaya, mita nawa ke nan a kilomita 40?
3. Buhun siminti 30 kilo nawa ne?