Darasi: Tsakanin Tawali'u Da Raina Kai

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a unguwannin Yamai ana yawan kawo wa limamai matasa da ƙorafi iri ɗaya: yaro ya faɗi jarrabawa ko ya rasa aiki, ya daina zuwa fada wajen abokansa, ya daina cin abinci, yana cewa shi ba kowa ba ne, ba ya da amfanin kome. Wasu iyaye su ce ragwanci ne, wasu su ce raunin imani, wasu su ce aljanu. Sau da yawa kuwa cuta ce, ita ce ciwon damuwa mai tsanani.

Da farko mu rarrabe abu biyu. Tawali'u shi ne bawa ya san matsayinsa a gaban Ubangijinsa, kada ya ɗaukaka kansa bisa mutane. Raina kai kuwa shi ne mutum ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba ya da daraja, alhali a aya ta 70 ta Suratul Isra'i Allah Ya sanar da mu cewa Ya karrama ɗan Adam. Wannan karamci bai rataya ga takardar makaranta ko albashi ko haihuwa ba.

Baƙin ciki shi kansa ba zunubi ba ne. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari. Shekara ta 10 bayan aiko Manzon Allah (SAW), wadda Nana Hadiza da Abu Ɗalibi suka rasu a cikinta, ana kiran ta shekarar baƙin ciki. Kuma malaminmu Abu Zaidi Albalhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfusi ya kasa baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke rufe mutum ba gaira ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani.

Likitocin zamani sun tarar da alaƙa mai ƙarfi tsakanin wannan cuta da raina kai. A 2013 masana sun tattara bincike 77, suka ga cewa raina kai ya fi yawan share wa ciwon damuwa hanya, ko da yake ciwon ma yana ƙara raina kai. Wanda ya saba jin shi banza ne, in ya yi kuskure sai ya ɗauke shi hujja a kan kansa, ya janye daga mutane. Kaɗaici ya ƙara masa ciwo, ciwon ya ƙara masa ganin baƙin kansa.

Saboda haka, ya iyaye da malaman allo da magidanta, mu ji tsoron Allah a harsunanmu. Yaron da kullum ake ce masa daƙiƙi, da matar da ake yi wa gorin haihuwa, ana shuka musu abin da zai yi wuyar tumɓukewa. A tsawata a kan aiki, kada a rushe mutumcin mai aikin.

Idan kuka ga ɗan'uwa ya kai mako 2 cikin ƙunci, barcinsa ya lalace, abin da yake so a da ya fita ransa, to ku zauna ku saurare shi, ku riƙa jan sa zuwa jam'i da taushin murya, ku ba shi ɗan aikin da zai iya kammalawa, sannan ku raka shi wajen likita. Babban Asibitin Ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. In ya fara zancen gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma shi ne ya umurce mu da neman magani. Mu haɗa addu'a da magani.

Allah Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.