Darasi: Ƙauyen da Ya Zama Birnin Mafaka

Karatu: Littafin Ƙidaya 35:9-15

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, gwamnatin Hitler ta Jamus ta hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, manya da yara. Laifinsu kawai shi ne an haife su Yahudawa. Mutane da yawa sun gani, suka yi shiru saboda tsoro. Amma akwai waɗanda ba su yi shiru ba.

Mutanen Le Chambon

Le Chambon ƙauye ne a kan tuddai a kudancin Faransa. Yawancin mutanen yankin manoma ne talakawa, masu bi 'yan Furotesta. Kakanninsu sun sha tsanani bayan sarkin Faransa ya haramta sujadarsu a 1685, saboda haka sun san zafin gudun hijira.

Jamus ta ci Faransa da yaƙi a 1940. Wata rana da sanyin hunturu, wata Bayahudiya da ta gudo daga Jamus ta ƙwanƙwasa ƙofar faston ƙauyen, André Trocmé. Matarsa Magda ta buɗe, ta shigar da ita. Daga nan fasto da abokin aikinsa Édouard Theis suka ƙarfafa ikkilisiya ta karɓi duk wanda ya zo.

Yadda suka yi aikin

Iyalai suka raba baƙin a gidajensu, da gonaki, da makarantu. Aka yi musu takardun shaida da sababbin sunaye. In an ji 'yan sanda na zuwa, sai a kai su daji su ɓuya har a tafi. Waɗansu aka bi da su ta ɓoyayyun hanyoyi zuwa ƙasar Suwizalan. Ƙungiyoyin agaji sun taimaka da kuɗi, amma abinci da wurin kwana daga talakawa suka fito. Ta haka dubban mutane suka tsira, da yawansu yara ne.

Aikin bai zo da sauƙi ba. A Fabrairu 1943 aka kama Fasto Trocmé da Theis, aka tsare su na wasu makonni. A watan Yuni aka kama ɗan'uwan faston, Daniel Trocmé, tare da ɗaliban da yake lura da su. Ya mutu a sansanin Majdanek a ƙasar Folan a 1944.

Alheri ba ya ɓata

A 1990 hukumar tunawa ta Yad Vashem a Urushalima ta girmama ƙauyen da maƙwabtansa. Wani mutumin Ostiriya da aka ɓoye a can yana yaro ya rasu a 2020, ya bar wa ƙauyen dukiyarsa domin ilimin matasa.

'Yan'uwa, ƙiyayya takan fara da baki, da zagi da jita-jita, kafin ta kai ga makami. Haƙuri da juna kuma a gida ake koyonsa, tun kafin ranar wahala ta zo.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa Allah ya ce biranen mafaka su zama na baƙo da na ɗan ƙasa duka?
2. Wace irin magana 'ya'yanmu suke ji daga bakinmu game da wata kabila ko wani addini?
3. In rikici ya koro maƙwabci wanda ba addininmu ɗaya ba, wane shiri ikkilisiyarmu take da shi na karɓarsa?