Matsalar Kalmar "Iska" Wajen Koyar da Na'urar Maimaita Numfashi ga Masu Nutso na Yankin Kadawa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda za a koyar da na'urar maimaita numfashi cikin harshen Hausa ga mutanen da suka riga suka ƙware a nutso na gargajiya. Ra'ayin maƙalar shi ne, darasin ba zai tsira da ran ɗalibi ba sai an fara rarrabe masa ma'anonin kalmar "iska".

1.0 Gabatarwa

Ruwan da ke shayar da shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka kammala a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Magudanan gona ba su da zurfin da zai sa a nemi wata na'ura. Amma bangon Tiga ya kai kimanin mita 48, kuma ƙofofi da bututan da ke ƙarƙashin ruwa suna buƙatar mai dubawa. Ga kuma aikin ceto: hatsarin kwale-kwalen Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021 ya ci rayuka aƙalla 29, yawancinsu yara. Duk ranar da aka tashi horar da masu wannan aiki, daga cikin masunta da masu nutso za a ɗebo su, kuma da Hausa za su fi fahimta.

2.0 Na'urar da Ire-irenta

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin, kimanin kashi 78 naitirojin. Wadda muke fitarwa kuwa tana ɗauke da oksijin kusan kashi 16, da iskar kabon kusan kashi 4. Mai goya tukunyar iska ta yau da kullum, irin wadda Cousteau da Gagnan suka fito da ita a Faransa a 1943, yana zubar da wannan ragowar cikin ruwa a matsayin kumfa. Na'urar maimaita numfashi ba ta zubarwa. Numfashin yakan shiga wata jaka mai kumbura da motsewa, wadda za a iya kira zugazugi, ya ratsa mataci mai sinadarin da ke kama iskar kabon, a ƙara masa oksijin, ya komo baki. Ta ma girmi waccan, domin Henry Fleuss ya ƙera irinta a Ingila tun 1878.

Iri uku ne. Ta farko oksijin zalla take bayarwa, kuma ba a wuce zurfin mita 6 da ita. Ta biyu tana ɗura gaurayayyar iska kaɗan-kaɗan, tana sakin rara. Ta uku ba ta sakin komai sai lokacin tasowa, tana da ma'aunan oksijin, galibi guda uku, kuma ko dai kwamfuta ta ƙara oksijin ko mai nutso ya ƙara da hannunsa. Maimakon fassarar kalma da kalma, ana iya aro sunayensu daga ƙofar ɗaki: ta biyu sakayayya, ta uku rufaffiya. Duk Bahaushe ya san bambancin sakaya ƙofa da rufe ta ruf.

3.0 Inda Ƙwarewar Gargajiya ke Zama Tarko

Mai nutso na gargajiya yana da mai gargaɗi guda da ya amince da shi, wato ƙirjinsa. Da ya ji ƙunci sai ya ce iska ta ƙare, ya taso. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, wannan ƙunci taruwar iskar kabon ce cikin jini ke haddasa shi, ƙarancin oksijin kuwa kusan ba ya jin zuwansa. A nutson riƙe numfashi abubuwan biyu tare suke tafiya, shi ya sa gargaɗin ke yawan yi masa amfani.

Na'urar ta raba su. Matacin yana kwashe iskar kabon, saboda haka idan oksijin ya daina shigowa, mutum zai ci gaba da numfashi cikin kwanciyar hankali, zugazugin na kumbura yana motsewa, har ya suma ba tare da ƙirjinsa ya ce masa uffan ba. Gwanin da ya shekara ashirin yana sauraron jikinsa ya fi ɗan koyo kusa da wannan rami, domin shi ne zai raina kallon ma'auni.

A nan harshe ya shigo. "Iska" ita ce abin shaƙa, ita ce mai kaɗa reshe, ita ce kuma ta bori. Jimlar "akwai iska a ciki" gaskiya ce game da na'urar da ke gab da kashe mai ita. Ya kamata malami ya hana amfani da kalmar ita kaɗai a aji, kowace iska ta zo da sunanta. Misalin da ya fi kusa shi ne na tsohuwar rijiya da mutum kan shiga ya faɗi, mai bin sa ceto shi ma ya faɗi, har wasu su ce iskoki ne. Fitilar da ake zurawa ta mutu a irin wannan rijiya ita ce ma'aunin oksijin na farko da ɗalibi zai gane. (Misalin yana da iyaka, don a rijiya sau da yawa iskar kabon ma tana taruwa.)

4.0 Lissafin da Ba Makawa

A ɗauki matsin iska a bakin teku a matsayin 1. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara kusan 1. Rabon oksijin a sarari 0.21 ne, a mita 10 ya zama 0.42. Idan ya sauka ƙasa da 0.16 hankali ya fara gushewa. Idan ya haura 1.6 jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama mutum, abin numfashin ya suɓuce daga bakinsa. Oksijin zalla a mita 6 ya kai 1.6 daidai, dalilin iyakar na'ura ta farko ke nan. Rufaffiya galibi ana tsayar da ita a 1.3. Wannan zance na cewa abin da ke raya mutum yana iya kashe shi idan ya yi yawa ba baƙo ba ne ga manomin da ya taɓa ƙone shinkafarsa da taki.

Kowace iri da nata tarko. A sakayayya, aiki mai nauyi kan cinye oksijin fiye da yadda yake shigowa, tasowa kuma ta ƙara rage matsinsa. A rufaffiya, ma'auni kan tsufa ya yi ƙarya. A dukkansu, mataci kan gaji, kuma idan ruwa ya shige shi yakan zama ruwan da ke ƙona baki da maƙogwaro. Saboda haka ƙungiyoyin horarwa irin su TDI da IANTD ke ba da shaidar ƙwarewa a kan samfurin na'ura ɗaya tak. Wanda ya sauya na'ura sai ya koma aji.

Matakan duba na'ura kafin shiga ruwa, har da shaƙarta na kimanin minti 5 a tudu, a rubuce ake bin su ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗaliban da boko bai zauna musu ba, a rubuta su da ajami, a kuma sa biyu-biyu su riƙa bitar su da baki, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa yana taɓa abin da aka ambata. Umarnin gaggawa kuwa, na barin na'urar a koma tukunyar ko-ta-kwana, ya zama kalma ɗaya da alamar hannu ɗaya, waɗanda aka yi ta maimaitawa a ruwa marar zurfi kafin kowa ya doshi bangon Tiga.