Darasi: Me Ya Raba Jama'a da Ɗan Sanda?

Ya ku ɗalibai da iyayenmu masu daraja, darasinmu na wannan fitowa a kan ɗan sanda ne, wanda Larabawa suke kira shurɗi. Aikinsa tsare rai da dukiya. To me ya sa mutum zai hango shinge a hanya gabansa ya faɗi, alhali bai yi laifin komai ba?

Ku sani, an haɗa 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a 1930, zamanin Turawa. Ba don hidimar talaka aka kafa ta ba, sai don tsare mulki da karɓar haraji. Bayan samun 'yancin kai kuma sojoji suka yi mulki daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga 1983 zuwa 1999. Wanda ya tashi cikin irin wannan tarbiyya, bulala ya fi sani a kan lallashi. Wannan shi ne dalili na farko.

Na biyu, ƙarancin horo da kayan bincike. Jami'in da ba shi da hanyar gano gaskiya, sai ya koma dukan wanda ake zargi har ya amsa laifi, ko ya aikata ko bai aikata ba. Na uku, ƙaramin albashi da lalacewar bariki, waɗanda suke buɗe ƙofar cin hanci. Wannan fa bayani ne, ba uzuri ba ne. Na huɗu, kuma shi ya fi muni, rashin hukunta mai laifi. A 2005 aka kashe matasa shida a Abuja, waɗanda aka sani da shidan Apo. Sai a 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Shekara 12 ke nan iyalansu suna jira!

Da abin ya kai maƙura, a watan Oktoba na 2020 matasa suka fito zanga-zangar EndSARS, har aka rushe sashen SARS ranar 11 ga watan. Idan yarda ta tafi, kowa ya yi asara: mai shaida ya yi shiru, wanda aka yi wa sata ya ƙi kai ƙara, jama'a su ɗauki doka a hannunsu, ɓarawo kuwa ya yi barci da minshari.

Amma mu ma da namu. Wanda ya miƙa na goro a shinge, da wanda ya biya aka kulle masa maƙwabci saboda bashi, duk sun taimaka wa zalunci. Kuma kada mu yi musu kuɗin goro. Akwai na kirki a cikinsu, wasu ma sun rasa rayukansu wajen kare mu.

Ga abin da kowa zai haddace. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Dokar 2017 ta haramta azabtar da wanda ake tsare da shi. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uba ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum saboda bashi kawai. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu kusa. In an tsare ka, kada ka yi gardama ko gudu. Yi magana da ladabi, ka riƙe suna da lambar jami'in, sannan babba ya kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Aikin gida: ka kawo dalilai huɗu da muka ambata, sannan ka tambayi mahaifinka wanne ne ya taɓa gani da idonsa. Allah Ya tsare mu daga yin zalunci, Ya tsare mu daga a zalunce mu. Amin.